Lantarki daga kan titi: abin da gwajin Faransa ya nuna da abin da ke tsawaita ran hanya

A ranar 22 ga Disamba 2016, ministar muhallin Faransa ta lokacin, Ségolène Royal, ta je wani ƙaramin gari mai suna Tourouvre a yankin Normandi, ta buɗe titi mai tsawon kilomita ɗaya da aka lulluɓe hannunsa guda da farantan sola. Motoci na bi ta kai, rana na duka, wuta na fita. Tun farkon shekarar ta riga ta bayyana burin gwamnatinsu na shimfiɗa kilomita 1,000 irin wannan cikin shekara biyar. A 2024 aka kawo injuna aka ɓamɓare farantan Tourouvre. Kilomita dubun nan kuwa ba a taɓa yin su ba.

Duk da haka hotuna da bidiyon irin waɗannan tituna ba su daina yawo a Facebook da WhatsApp ba, yawanci babu kwanan wata a jikinsu. Wanda ya gani a Kano ko Maraɗi, inda rana ta wadata wuta kuma ta yi ƙaranci, dole ya tambaya: mu me ya hana? Tambayar tana da tushe. Amsarta kuma tana bi ta kan yadda ake gina titi, da abin da ke kashe shi, da abin da farantin sola ke buƙata kafin ya ba da wuta.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce "titin sola", abu uku mabambanta ake cakuɗawa. Na farko shi ne a mayar da fuskar titin kanta farantin sola, taya ta riƙa taka shi. Wannan ne aka yi a Tourouvre, kuma shi ne ake taƙaddama a kansa. Na biyu ba lantarki yake samarwa ba, zafi yake tarawa: ana binne bututai a cikin kwalta, ruwa ya riƙa zagayawa yana kwasar zafin da baƙar kwalta ta sha daga rana. Na uku shi ne a kafa farantan sola na yau da kullum a filin gefen hanya, ko a jikin katangar da ke tare ƙarar motoci, ko a yi rumfa da su a saman hanya. A nan babu tayar da ke taɓa su.

Ma'aunin da za a yi ta ambata shi ne kilowat-awa. Duk mai sayen wuta a mitar kati ya san shi, domin shi ne yunit ɗaya.

Shi kuwa "gyaran hanya mai ɗorewa", ma'anarsa a wurin injiniyoyi ita ce a lissafa titi tun daga ranar da aka zuba tsakuwar farko har ranar da za a kankare shi: kuɗin da ya ci a duk tsawon ransa, dutse da kwalta da simintin da aka kashe, hayaƙin da aka fitar wajen dafa su da jigilarsu, har da man da motoci ke ƙonawa fiye da kima idan titin ya lalace. Titin da aka gina da arha ya mutu cikin shekara biyar ya fi tsada a wannan lissafin a kan wanda ya ci kuɗi ya yi ashirin.

Inda tunanin ya samo asali

Hujjar tana da sauƙin fahimta. Tituna sun cinye filaye masu yawa, an riga an biya diyyarsu, kuma suna kwance a rana. A ƙasashe irin Holan, inda fili ke da tsada kuma gona da gida ke rububinsa, samun wurin kafa sola ba tare da an taɓa gonar kowa ba babbar riba ce.

A Amurka wasu ma'aurata daga jihar Idaho, Scott da Julie Brusaw, su suka fi tallata ra'ayin da kamfaninsu Solar Roadways. Ma'aikatar sufurin ƙasar ta ba su tallafin bincike, sannan a 2014 suka tara sama da Dala miliyan 2 daga jama'a ta intanet. Alƙawarin ya haɗa da fale-falen gilashi masu kusurwa shida da za su ba da wuta, su haskaka layukan titi da kansu, su kuma narkar da ƙanƙara. Abin da aka kafa a garin Sandpoint a 2016 fale-fale 30 ne a wani dandalin masu tafiya a ƙasa, kuma da yawansu sun sami matsala tun farko.

Abin da aka gani a Tourouvre da sauran wurare

Gwajin Faransa ya fi kowanne ba da darasi, saboda an yi shi a kan titin gaske kuma an riƙa fitar da alƙalumansa. Kamfanin Colas, ɗaya daga cikin manyan masu gina hanyoyi a duniya, shi ya ƙera farantan da ya sa wa suna Wattway, tare da cibiyar binciken makamashin rana ta ƙasar. Kaurinsu 'yan milimita ne, ana manna su a kan kwaltar da ke nan ba sai an fasa titi ba. An shimfiɗa murabba'in mita 2,800 a kan kuɗi kimanin Yuro miliyan 5 daga aljihun gwamnati, da fatan samun yunit kusan 280,000 a shekara.

A shekarar farko an sami kimanin 150,000, wato kusan rabin abin da aka sa rai. A 2018 abin ya sauko zuwa wajen 80,000. Danƙon da aka rufe farantan da shi ya riƙa tsagewa yana ɓarewa, musamman a ƙarƙashin taraktocin manoman yankin. Ganyen bishiyoyi ya riƙa zubowa yana ruɓewa a kai. Ƙarar tayoyi ta dami mazauna wurin har sai da aka rage gudun mota zuwa kilomita 70 a awa. Wani yanki na titin ya lalace ta yadda cire shi aka yi tun kafin a cika shekara uku.

Domin a gane nauyin waɗannan alƙaluma sai an kwatanta su da wata tashar a ƙasa ɗaya. A Cestas, kusa da Bordeaux, an buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 300 a 2015, a kan kuɗi kimanin Yuro miliyan 360, tana ba da yunit wajen miliyan 350 a shekara. Ke nan duk Yuro ɗaya da aka zuba a Cestas yana dawo da kusan yunit ɗaya kowace shekara. A Tourouvre, ko a shekararsa mafi kyau, sai an zuba sama da Yuro 30 kafin a sami yunit ɗayan nan. Gaskiya ne abin gwaji yakan fi abin kasuwa tsada, kuma Cestas ta fi Normandi rana. Amma tazarar ninki talatin ta wuce a ɗora wa waɗannan dalilai biyu kaɗai.

A Holan an bi a hankali. A Nuwamba 2014 aka buɗe hanyar kekuna ta SolaRoad a garin Krommenie, mita 70 kacal, ta kuma ba da yunit kusan 9,800 a shekarar farko, abin da ya gamsar da masu aikin. Sai dai rufin samanta ya yi ta ɓarewa, aka cire ta a 2020. Da aka gwada fasahar a ƙarƙashin manyan motoci a wurare biyu a 2019, cikin kusan mako guda aka rufe saboda saman ya lalace. A birnin Jinan na ƙasar Sin ma an buɗe kimanin kilomita ɗaya a kan babbar hanya a ƙarshen 2017, mai faɗin murabba'in mita 5,875, kuma kwanaki kaɗan da buɗewa aka tarar wani ɓangarensa ya lalace.

Taura biyu ba ta taunuwa

Matsalar ba ta rashin ƙwarewar ma'aikata ba ce. Abin da titi ke so da abin da faranti ke so ne suke karo da juna.

Faranti yana son fuska mai santsi da haske ke ratsawa. Titi yana son fuska mai kaushi domin taya ta kama idan an taka birki, balle an yi ruwa. Duk kaushin da aka ƙara don kare rayuka yana rage hasken da ke shiga, kuma yana riƙe datti. Faranti yana son a karkata shi ya fuskanci rana, titi kuwa a kwance yake. Faranti yana son iska ta riƙa bi ta bayansa tana sanyaya shi, domin duk digiri ɗaya da zafinsa ya haura 25 yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Wanda aka manna a kwalta ba shi da wannan iskar, ga shi kwalta takan kai digiri 60 ko fiye da tsakar rana a lokacin zafi. Sai inuwa. Ƙwayoyin cikin faranti a jere suke kamar sarƙa, inuwa ta faɗa a kan kaɗan sai ta ja sauran ƙasa. A kan titi kuwa kowace mota inuwa ce, kuma lokacin da cunkoso ya fi yawa da rana ne.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci. Asarar kwanciya ta fi tsanani a Turai, inda rana ke bi ta gefe. A Kano ko Zinder, da ke kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, rana kusan a tsakar ka take, don haka farantin da ke kwance ba ya rasa da yawa ta wannan fuskar. Sai dai abin da aka samu a nan ana mayar da shi ta wajen zafi da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Afrilu babu ruwan saman da zai wanke, ga hazon hunturu na sauka kullum. Mai sola a rufin gida ya san yadda wuta ke raguwa idan ya yi mako biyu bai goge ba, alhali nasa a karkace yake kuma babu tirelar da ke zuba masa baƙin mai.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna cewa gwaji sunansa gwaji, kuma farantan rufin gida ma da tsada suka fara kafin farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Suna kuma nuna cewa a cikin birni mai cunkoso akwai wuraren da babu inda za a kafa komai sai ƙasa. Kamfanin Colas kansa ya karkata zuwa nan: ƙananan shimfiɗu na 'yan murabba'in mita da ke kunna fitila ko kyamara ko cajin keke a inda layin wuta bai kai ba, da kuma hanyoyin kekuna, inda nauyi ba shi da yawa.

Masu suka suna cewa faɗuwar farashin sola ita ce babbar hujjarsu su ma. Tunda farantin kansa ya yi arha, tsadar titin sola tana cikin sulken da ake yi masa don ya jure taya, kuma wannan sulken ba ya bin farashin faranti. Sun ƙara da cewa muddin akwai rufin gidaje da na kasuwanni da na masana'antu da ba a rufe da sola ba, babu dalilin sauka ƙasa. Abin da aka auna zuwa yanzu yana tare da su a kan manyan hanyoyi. A kan hanyoyin kekuna da dandali kuwa maganar ba ta rufe ba.

Fasahar bututun zafi ba ta jawo irin wannan gardama ba, don ba ta taɓa fuskar titi. A Avenhorn da ke Holan an daɗe ana tara zafin kwalta a ruwan ƙarƙashin ƙasa lokacin zafi, a ɗumama gidaje da shi lokacin sanyi, kuma kamfanin Eurovia ya fito da irinta a Faransa a 2017. Amfaninta ya fi yawa a ƙasashen da ake kashe kuɗi wajen ɗumama ɗaki.

Abin da ke kashe titi

Idan manufar ita ce hanya ta rage cin kuɗi da ɓata muhalli, to mafi yawan ribar tana wani wuri da kyamara ba ta cika zuwa ba. Abu biyu ke kashe titin kwalta: ruwa da nauyi.

Kwaltar da ake gani a sama fata ce kawai. Ƙarfin titi yana ƙasa, cikin tsakuwa da burjin da aka daddaɓe da rola. Rana na busar da danƙon kwalta a hankali har ya yi tauri ya fara tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya jiƙa abin da ke ƙasa, ya yi laushi, babbar mota ta taka, wurin ya lotsa, rami ya buɗe. Lambatun da shara ta toshe ko kwalbatin da yashi ya cike suna yin wannan ɓarnar daga gefe. Shi ya sa aikin da ya fi kowanne riba a harkar hanya shi ne mafi ƙanƙanta: yashe magudanar ruwa kafin damina, toshe tsaga tun tana siririya, da shafa sabon rufi mai ɗan kauri duk bayan 'yan shekaru tun titin bai nuna gajiya ba. Wani rahoton Bankin Duniya na 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin Dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, asarar da gyaran da bai kai Dala biliyan 12 ba zai iya hanawa.

Nauyi kuma lissafinsa yana ba da mamaki. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna ɓarnar da aksul ke yi, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin hagu da dama, ba ta tafiya daidai da nauyinsa. Idan aka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Aksul da ya kamata ya ɗauki tan 10 aka ɗora masa 13, ɓarnarsa ta kusa ninka uku. Ƙananan motoci dubbai ba sa yi wa titi abin da tirela ɗaya mai lodin wuce kima ke yi. Wannan ne ya sa UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, wadda Nijar ke ciki, ta kafa doka mai lamba 14 a 2005 don ƙayyade nauyin aksul, ko da yake aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa saboda masu motocin haya na ganin rage lodi rage riba ne.

Kayan gini: tsohuwar kwalta, leda da siminti

Tsohuwar kwalta ba shara ba ce. Ana kankare ta da inji, a niƙa, a haɗa da sabuwa a sake shimfiɗawa, kuma a Amurka da Japan mafi yawan abin da aka kankare yana komawa kan titi. Akwai ma injunan da ke yin haka nan take a wurin aiki, ba sai an yi jigila ba. Ga ƙasar da ke sayo danƙon kwalta daga waje da kuɗin waje, kamar Najeriya duk da tarin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a jihar Ondo, wannan tanadi ne kai tsaye. Akwai kuma sinadaran da ke ba da damar dafa haɗin kwalta da zafin da ya gaza na al'ada da digiri 20 zuwa 40, a rage mai da hayaƙi.

A Indiya wani malamin kimiyyar sinadarai a Madurai, Rajagopalan Vasudevan, ya fito da dabarar narka yankakkiyar leda a kan tsakuwa mai zafi kafin a zuba kwalta, kuma a 2015 gwamnatin ƙasar ta wajabta amfani da ita a hanyoyin da ke kewayen manyan birane. Tana rage danƙon da ake buƙata da 'yan kashi cikin 100. Masu bincike na ci gaba da duba ko ɓurɓushin robar na bin ruwa idan titin ya tsufa.

Gardamar titin kankaren siminti da na kwalta kuwa ta iso gida, tun da ma'aikatar ayyuka ta tarayyar Najeriya ƙarƙashin David Umahi ta karkata ga titin kankare daga 2023. Kankare ya fi jure nauyi da zafi, ya fi daɗewa, kuma ana yin siminti a cikin ƙasa. A ɗaya hannun ya fi tsada a farko, facinsa ya fi wuya, kuma masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Wanda ya fi dacewa ya danganta da yawan manyan motocin da ke bin hanyar da irin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Kowanne aka zaɓa, idan ruwa ya sami hanyar shiga ƙasansa zai karye.

Gefen titi da samansa

Nau'i na uku, wato kafa farantai a gefen hanya ko a samanta, shi ne ya yi nasara ba tare da hayaniya ba. Tun 1989 aka kafa farantai a jikin katangar tare ƙara a babbar hanyar A13 kusa da Chur a Suwizalan. A Amurka, jihar Oregon ta kafa tata tashar a mahaɗar manyan hanyoyi biyu a 2008. A jihar Jojiya akwai mai ƙarfin megawat ɗaya a filin wata mahaɗa ta hanyar I-85. Tsakanin Daejeon da Sejong a Koriya ta Kudu an yi wa hanyar kekuna da ke tsakiyar babban titi rumfar sola. Ita kanta Faransa, a Maris 2023, ta yi dokar da ta tilasta wa wuraren ajiye motoci da suka wuce murabba'in mita 1,500 su rufe aƙalla rabin filinsu da rumfar sola. Filin hanya ɗin dai aka yi amfani da shi, amma farantin na kasuwa ne, a karkace, iska na bi ta bayansa, mai gyara kuma zai kai gare shi ba tare da an tsayar da motoci ba.

Yadda abin zai taɓa jama'a

Ga direba da fasinja da manomi, ba wutar da titi zai bayar ce ke shiga aljihunsu ba, lafiyar titin ce. Hanya mai ramuka na cin taya da sifirin da mai, tana tsawaita tafiya, kuma duk wannan yana komawa kan kuɗin mota da farashin kwandon tumatir da ya kwana a hanya. Inda dole mota ta rage gudu saboda rami, nan ne ɓata-gari ke samun dama.

Wannan ya dawo da maganar kan wanda zai biya kuɗin gyara. A Najeriya an kafa FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, a 2002, kuma gyaran dokarta na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal don kula da hanyoyi, kashi 40 na kuɗin ga hukumar, 60 ga jihohi. An shafe shekaru ba a karɓa ba, sai batun ya sake tasowa a 2025 da sabuwar dokar haraji ta ɗauko shi. Masu goyon baya na cewa gyara ba ya yiwuwa sai da kuɗin da ke shigowa a kai a kai, ba wanda ke jiran kasafi ba. Masu adawa na cewa jama'ar da ke fama da tsadar mai tun bayan cire tallafi ba za su ɗauki ƙari ba, sai sun ga inda kuɗin ke zuwa. Nijar da Ghana da Kamaru duk suna da asusun hanyoyi na musamman, kuma tambayar da ake yi a kansu iri ɗaya ce.

Ta fuskar lantarki, fili ba shi ne ya yi ƙaranci a yankinmu ba. Tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai da ta Kumbotso mai megawat 10 a Kano, waɗanda duk aka buɗe a 2023, a ƙasa aka kafa su. Inda hanya da sola za su haɗu a nan shi ne tashoshin mota, da garejin tireloli, da kasuwannin bakin titi, inda rumfa za ta ba da inuwa ta kuma kunna firji da famfo, sai fitilun titi. Su ma fitilun suna da nasu gyaran: batir ɗinsu 'yan shekaru yake yi ya mutu, farantin yana son gogewa duk rani, kuma kwangilar da ta tsaya a ranar kunnawa ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba.